Dawa Ba Ta Jiran Sa Hannun Akawu

A barandar sashenmu na kimiyyar amfanin gona akwai wani allo mai murfin gilashi da ake liƙa abin alfahari a ciki: hoton manyan baƙi ranar baje kolin gona, shafin farko na maƙalar da ta fito a mujallar ƙasar waje, wasiƙar da ke cewa an amince da tallafin bincike kaza. Ranar da na fara zuwa a matsayin ɗalibin digiri na biyu, a 2017, na daɗe a gaban allon nan ina karantawa, har masinja ya tambaye ni ko ɓatan kai na yi. Shekara shida da 'yan watanni na yi a sashen, da fari ɗalibi, daga baya mataimakin bincike, har yaƙi ya watsa mu. Sunana ya shiga allon sau ɗaya tak. Yawancin abin da na koya kuwa bai taɓa kusantar gilashin ba.

Ni ɗan wani ƙauyen Hausawa ne a Sudan, kudu da Sinnar, a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, ba nisa da Mai Wurno. Wanda ya san tarihi ya san garin ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ɗan da ya ja ragowar jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu namu zuwan ba na sarauta ba ne. Kakana ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya tsintar auduga a Jazira, babban yankin noman ban ruwa na tsakiyar Sudan, don ya tara guzuri, guzurin da har ya koma ga Allah bai gama taruwa ba. An gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya fara bin magudanai yana shiga gonakin auduga, kuma da yawa daga hannayen da suka tsinci audugar nan irin na kakana ne. Mahaifina bai taɓa mallakar hawasha ba, wato gonar da hukumar Jazira ke yanka wa manomi. Noman raba-daidai ya yi a ta wani har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa ranar da na ce noma zan karanta a jami'a, dariya ya yi. Ya ce, "Wato abin da muke addu'a Allah ya raba ka da shi, shi za ka je a biya kuɗi a koya maka?"

Malamar da ta duba aikina, wadda kowa ke ce wa Daktora, wuta-wuta ta ba ni. Larabawan nan buda suke ce mata, wasu Hausawa kuma ƙuduji. Duk wanda ya taɓa noma dawa ya san ta, ciyawa ce mai fure ruwan hoda, kyakkyawa kamar ba ita ba. Abin da ban sani ba sai a aji shi ne yadda take aikinta. Irinta kamar ƙura yake don ƙanƙanta, tushe ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Saukar ruwa kaɗai ba ta ta da shi. Sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, wanda masana ke kira sitirigolakton, sannan ya farka, ya miƙa ɗan tsininsa ya manne a saiwar, ya fara zuƙar ruwa da abinci. Makonni ake yi ana wannan ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Ranar da manomi ya ga fure, an riga an gama yi masa sata, sawun ɓarawo kawai yake kallo. Wani abin takaicin, a ƙasar da ta gaji, wadda ba ta ga taki ba, dawa ta fi fitar da sinadarin nan. Shi ya sa wuta-wuta ta fi cin gonar talaka. Da na ji wannan a aji sai gonar mahaifina ta faɗo mini a rai, na kasa rubutu.

Aikina shi ne in gwada layukan dawa ashirin da biyu, wato sababbin irin gwaji da sashen ya daɗe yana tacewa, in jera su da Tabat da Wad Ahmad, irin da manoman Jazira suka sani, a ga wanne zai tsaya wa wuta-wuta. Ba mu muka fara ba. Gonar bincike ta Wad Madani, babban birnin Jazira, tana nan tun 1918, kuma a 2012 hukumar binciken noma ta ƙasa ta fitar da irin dawa huɗu masu jure buda, waɗanda aka samu ta hanyar haɗa auren wata dawar Indiya mai suna N13 da irin gida. Namu ɗan ƙaramin reshe ne. Amma a lokacin ji nake kamar ni zan raba Sudan da yunwa.

Kuɗin aikin wata ƙungiyar ƙasar waje ce ta yi alkawarinsu, kuma an sa hannu tun cikin bazara. Ni da jin haka na ɗauka magana ta ƙare. Ashe tsakanin "an amince" da "ga kuɗi" akwai tafiyar da ta fi ta kakana. Takarda ta tashi daga sashe ta je wurin shugaban tsangaya, ta sauka ofishin bincike, ta haye ofishin kuɗi, ta dawo baya saboda an manta hatimi. Can waje kuma bankuna suna ɗari-ɗari da duk abin da ke ɗauke da sunan Sudan, don takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba tun 1997 bai tashi ba sai Oktoban 2017, kuma ko da ya tashi, tsoron bai tashi ba. Kullum ina ƙofar akawu da fayil a hammata, kullum amsa ɗaya: bukra, gobe.

Dawa kuwa ba ta san gobe ba. A Jazira cikin Yuli ake shuka. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ka zura hannu ya nutse, ruwa na sauka ta kumbure ta zama danƙo. In ba ka yi huɗa ka ja kunyoyi kafin ruwa ya kankama ba, tarakta ba ta shiga, kai ma da ƙyar za ka fito da takalminka. Wanda ya makara sati uku a nan, shekara guda ya rasa.

Da Daktora ta ga Yuni ya raba ba amo ba labari, sai ta ce in shiga mota. Ba ofis muka nufa ba. Gonar sashe muka je, wurin wani dattijo da ke kula da ban ruwa, wanda shekarunsa a gonar sun fi na kowane malami a sashen. A kambo yake zaune, irin unguwannin leburorin gona da ke maƙale a gefen magudanai a duk faɗin Jazira, ba su cikin ƙauye, ba su cikin gari. Na gaishe shi da Larabci irin na 'yan boko. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausa, "Kai ɗan gidan wa ne?" Tun daga ranar ya zama Kawu, ni kuma "ɗana".

A tsaye aka gama maganar. Daktora za ta sayi dizal ɗin tarakta daga albashinta. Kawu zai kawo mutum shida daga kambo su yi shuka da noman firi bashi, a kan amanarsa. Ba rasit, ba hatimi. Kuɗin ƙungiyar sun iso lokacin da dawa ta fara fitar da kai, aka biya kowa, aka rubuta a rahoto cewa an gudanar da aiki kamar yadda aka tsara. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi duka ba. Daga baya na gane kusan kowane gwaji da ke cikin allon gilashin nan haka ya rayu, wani ne ya ci bashi da mutuncinsa kafin kuɗi su zo. Malamin da ba shi da mai ɗaga masa ƙafa a kambo, ko tallafin duniya aka rubuta masa, filinsa fayau zai kwana.

Duk da haka gwajin farkon bai yi ba, kuma laifina ne, ba na akawu ba. An koya mana a aji yadda ake tsara fili, dabarar da wani masanin lissafi mai suna Fisher ya shimfiɗa a tashar Rothamsted ta Ingila a shekarun 1920: a raba fili gida-gida, kowane iri ya fito sau ɗaya a kowane gida, wurin da zai faɗa kuma ƙuri'a ce za ta nuna, ba son ran mai bincike ba. Na zana taswirata a kwamfuta, gida huɗu, tsaf kamar ramukan dara. Ranar awo ina jan igiya ina kafa turaku, Kawu ya tsaya ya zuba mini ido, can sai ya nuna kusurwar gabas da sandarsa.

"Ɗana, can ɗin kada ka sa abin da kake so."

Na ce, "Kawu, ai ba ni ke zaɓa ba, ƙuri'a ce."

Ya ce, "To ƙuri'ar ta san can ruwa ke kwana? Ta san nan gefen shekara uku ke nan auduga da gyaɗa ake yi, buda ta yi sauƙi, can kuwa dawa ake maimaitawa tun kana goye?"

Na yi masa irin murmushin da ɗan makaranta ke yi wa tsoho, na ci gaba da jan igiyata.

Da kaka ta zo, lissafi ya ƙi fita. Layi ɗaya, a wannan gida ba ko tsinken wuta-wuta, a wancan gida ya ƙone ƙurmus. Bambancin da ke tsakanin kusurwa da kusurwa ya shanye wanda ke tsakanin iri da iri. Daktora ta duba alƙaluman, ba ta yi faɗa ba, ta ce in je in tambayi Kawu yadda ruwa ke tafiya a filin. Abin kunyar shi ne, Fisher da Kawu magana ɗaya suke yi. Dalilin raba fili gida-gida ai don kowane gida ƙasarsa ta zama iri ɗaya ne, wato sai ka san filin kafin ka yanka shi. Ni rabin darasin na haddace, na yanka gidajen yadda za su yi kyau a takarda. Auduga da gyaɗar da ya ambata ma suna cikin littafi: saiwarsu tana yaudarar irin wuta-wuta ya tsira, amma ba ta ba shi wurin kamawa, sai ya mutu da yunwa. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, na faɗi ta a gona.

Shekara ta biyu tare muka yanka filin, shi yana gaba da sanda, ni ina baya da igiya. Muka kuma cakuɗa irin wuta-wuta da yashi mai laushi, muka zuba awo ɗaya a kowane ramin shuka, don kada wani layi ya tsira da sa'a kawai. Da za ka ga fuskokin mutanen kambo ranar da suka ga ɗan jami'a yana shuka buda da hannunsa! Wata tsohuwa ta ce lallai karatu ya yi wa yaron nan yawa.

A 2019 jami'o'i sun shafe watanni a rufe saboda juyin da ya kawar da Bashir a watan Afrilu, a 2020 kuma korona ta ɗora nata. Ƙofa a kulle, amma tsuntsaye ba su ji sanarwa ba. Dawa yawanci kanta take yi wa barbara, sai dai iska takan kawo mata bununin maƙwabciya, don haka in kana son layi ya tsaya a yadda yake, sai ka rufe kan da jakar takarda kafin ya yi fure. Kwana biyu ka makara, ka rasa tsarkin layin. Ta bayan gona nake shiga, ni da Kawu da jikokinsa masu korar tsuntsu da gwangwani. A wannan kakar ce muka sami saɓani. Na tarar da shi yana ɗaure 'yan zangarnu daga layi na 9 zai kai gida. Ƙa'ida ita ce irin da kwamitin ƙasa bai amince da shi ba ba ya barin gonar gwaji, kuma ƙa'idar tana da hujja. Na tsaya na yi masa lacca. Ya saurara har na gama, ya ce, "Tsuntsu ya ci, ɓera ya ci, Kawu ne kaɗai haramun?" Ya saɓa daminsa ya wuce. Ban kai ƙara ba, amma na yi kwanaki ina cika ina batsewa.

Bayan na zama mataimaki, rabin aikina ya koma rubuta takardun neman tallafi. Nan ma makaranta ce. Albashi gwamnati ke biya, amma abin da ake ware wa bincike ba ya kai mutum ko'ina, don haka ido yana waje. Kowane mai ba da kuɗi da yarensa. Bana sauyin yanayi ake so a ji, baɗi mata da matasa, wata shekarar abinci mai gina jiki. Dawarmu ɗaya, wuta-wutarmu ɗaya, riga kawai muke sauya musu. Na ga malamin da ya ajiye aikin riɗi da ya daɗe a kansa ya koma alkama, don can kuɗi suka karkata. Ban zarge shi ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alkamar ma ba abin wasa ba ce. Sudan tana cikin wurare mafi zafi da ake noma ta a duniya, shi ya sa masana daga Japan da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICARDA, suka yi aiki da na Wad Madani a kan irin da ke jure zafi, kuma iri kamar Imam ya shiga gonaki sosai. Amma riɗin nan da ake lodi daga Gadarif ana fitarwa waje ana samo dala, wa zai tsaya masa?

Ni a ganina babbar matsalar ba ƙarancin kuɗin ba ce, gajeren numfashinsu ne. Tallafi yawanci shekara uku yake. Ta farko ta tafi a sa hannu da sayen kaya, ta ƙarshe a rubutun rahoto. Fitar da sabon iri kuwa, daga ranar da ka haɗa aure zuwa ranar da za a ba shi suna a miƙa wa manomi, yakan ci shekara takwas, goma, ko fiye. Ana yawan ba mu misali da Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya yi aiki a nan Sudan, aka fitar da Hajin Dura 1 a 1983, daga baya ya ci Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. Gaskiya ne, kuma ya cancanta. Amma ai ba a kan fako ya yi gini ba. Dole akwai iri da wasu suka adana, da gona mai ruwa, da masu fartanya da suka san aikinsu. Waɗannan su ne ba wanda ke son biya. Mai tallafi yana son na'ura mai sheƙi da zai liƙa tambarinsa ya ɗau hoto. Wa ya taɓa liƙa tambari a kan albashin mai ban ruwa, ko kuɗin gyaran firiji? Muna da wata na'urar nazarin ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji, an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya. Ta yi aiki wata biyar, sinadaranta suka ƙare, tallafin da ya kawo ta ya rufe littafi. Duk baƙon da ya zo sai an ɗaga mayafin an nuna masa.

Ba zan ci amanarsu ba dai. Masu tallafin nan su suka tilasta mana rubuta komai, kowane buhu, kowace lita, kuma wannan ya gyara mana hali. Da kuɗinsu aka yaye ɗalibai da yawa da ba don haka ba da ba su ga digiri na biyu ba, har da ni. Da su aka horar da malaman gona, aka koya wa manoma cewa ɗan takin yuriya a kan lokaci, da juya shuka tsakanin dawa da gyaɗa, da cire wuta-wuta kafin ta zubar da iri, suna rage ɓarna ko ba sabon iri. A irin wannan horon ni ke fassara wa mutanen kambo da Hausa, kuma na lura tambayoyin da suka fi kaifi daga bayan rumfa suke fitowa, daga waɗanda ba a ba su kujera ba. Daktora kuma tana da tata dokar da ta fi ta kowane mai bincike tsanani: littafin fili mai bango mai kauri, da fensir, ba biro ba, don biro yana narkewa in ruwa ya taɓa. Kome ka sa a kwamfuta sai ya fara shiga littafin. Mukan yi mata dariya a bayan ido.

Sai kuma fam, kuɗin Sudan. A farkon 2018 gwamnati ta mai da dala daga fam 6 da 'yan kai zuwa 18, kafin shekarar ta ƙare ta kai 47 da rabi. A Fabrairun 2021 aka tashi daga 55 aka dire a 375 rana ɗaya. Tallafi da dala yake zuwa, banki ya canza shi a farashin gwamnati, mai sayar da taki kuwa da farashin bayan fage yake lissafi. Kasafin da ka rubuta a Janairu, kafin Yuli ya zama tatsuniya. Dabara ɗaya ce: ranar da kuɗi suka shigo, ranar za a mai da su kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin Daktora ya koma kamar shagon ɗan tireda, buhunan yuriya a bayan ƙofa, damin jakunkunan takarda a kan kabad, jarkokin dizal a ƙarƙashin tebur.

Ranar baje kolin gona ita ce sallar sashe. A share hanya, a kafa rumfa, a kawo manoma a mota, a yi jawabai, a ci abinci, a ɗau hoto. Shekarar da muka rage layuka biyar na ƙarshe, Daktora ta ce a ƙara wani abu: a niƙa kowane layi dabam, a ba mata su yi kisra, wato siririyar gurasar Sudan, da asida, irin nasu tuwon, Hausawa kuma su yi tuwo da kunu. Layin da nake tinƙaho da shi, na 14, wanda ya fi kowa tsaba kuma ya fi kowa tsaya wa wuta-wuta, shi ya zo ƙarshe. Wata dattijuwa ta ɗaga kisrarsa ta haska a rana, ta ce karyewa take yi tun a kan tanda. Na ce, "Inna, ko dai ƙullun ne bai yi ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ina kisra tun uwarka ba ta yi wayo ba." Tuwonsa kuma in ya kwana sai ya saki ruwa, ba ya ɗumame. Maza suka ce karansa ya yi gajarta, a Jazira kuwa kara kuɗi ne, shi dabbobi ke ci da rani. Na 9, na Kawu, wanda a lissafina shi ne na uku, shi mata suka zaɓa.

A rahoto mun rubuta duka biyun. Amma maƙalar da ta fito a mujalla a kan na 14 ta tsaya, don shi ke da alƙaluma masu ɗaukar ido. Ita ce ta kai sunana allon gilashi. Mu biyar ne a jerin marubuta, har da wanda bai taɓa taka filin ba. Na nemi a sa Kawu ko a layin godiya ne, aka ce ba a saba ba. Na yi shiru. Wannan shirun ya fi ba ni kunya a kan gwajin da na lalata.

Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wata takwas muna karɓar 'yan gudun hijira, makarantu cike da iyalai, muna ta cewa ba zai iso Jazira ba. Har shuka mun yi a Yulin shekarar da ragowar dizal ɗin ƙarƙashin tebur. A Disamba dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Wad Madani. Da jaka ɗaya na fita. Kwamfutar da ke ɗauke da alƙaluman shekara shida, a wani shinge a hanya aka karɓe ta. Wanda ya karɓa ya buɗe littattafan fili guda uku da ke ƙasan jakar, ya ga fensir da busasshiyar laka, ya jefo mini su.

A Gadarif na ji labarin rumbun adana iri na ƙasa da ke Wad Madani, inda aka tara dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da sauransu daga kowane lungu na Sudan. An wawashe shi, an kwashe firiji. Wanda bai yi wannan aiki ba zai ga kamar hatsi ne ya zube. Iri rai gare shi, sanyi da bushewa ne ke tsawaita kwanansa, zafi da laima su kashe shi ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Sudan kuwa ba ƙaramin gida ba ce ga dawa. A kusa da Kasala masu tonon tarihi sun sami shatin dawar gida a jikin fasassun tukwane na kimanin shekara 5,000. Daga abin da ma'aikatan rumbun suka iya ceta, an kai wani kashi a Fabrairun 2025 zuwa rumbun Svalbard, cikin dutsen ƙanƙara can arewa da Norwe. Ɗan ɗakin ajiyarmu na sashe ba shi da wannan gatan.

Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, amma sai bayan watanni na samu komawa. Allon yana nan a baranda, gilashin ya fashe, rana ta cinye takardun. A ɗakin iri ambulan-ambulan ne warwatse a ƙasa, ƙwari sun mai da abin ciki gari. Na 14 ya tafi, shi da sauran. Daktora tana Alƙahira, mukan yi magana ta WhatsApp in an sami intanet.

Kambon ya ragu, amma Kawu yana nan. Ya rame, ido ɗaya ya yi hazo. Bayan mun gaisa, mun yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa, sai ya aiki jikarsa ta ɗauko wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ya fasa liƙin da yatsa. Tsaba ce gauraye da toka.

"Na taran nan naka ne," in ji shi. "Wanda ka ce haramun ne."

Duk shekara yana shuka shi a bayan bukka, har daminar da ba a iya fita gona. Sai dai ba na 9 ɗin da na sani ba ne. Shekaru yana fure a buɗe kusa da dawar maƙwabta, ba jaka ba komai, ya sha bununin kowa. Da muka shuka shi a Yuli, kunya goma sha biyu a gefen magudana, wasu suka fito dogaye wasu gajeru, wani kan a dunƙule wani a warware. Na buɗe littafin fili na 2019, inda na rubuta tsayinsa, da kwanakin da yake yi kafin fure, da siffar kai, da launin jijiyar ganye, na bi tushe-tushe ina gwadawa. Ashirin da bakwai ne suka yi kama da shi. Ba jakar takarda a kasuwa, sai muka yayyage tsofaffin littattafan makarantar jikokinsa muka naɗe kawunan, muka ɗaure da zaren buhu. In iska ta kaɗa, sai ka ga darasin lissafi da na imla suna rawa a kan kara.

Na aika wa Daktora hoto. Ta amso da tambaya biyu: ko na sa wa kowane tushe lamba na rubuta a littafi, da kuma wa ke biyan yaran da ke korar tsuntsu. Ta farko na ce an rubuta, da fensir. Ta biyu na ce Kawu ya ce a bari sai kaka.